Ba a Shiga Lambun Baba Ya'u Hannu Rabbana

Kafin rana ta yi ƙarfi, duk mai gida a kan tudun nan na gefen Gadarif ta ƙasar Sudan zai ji ƙarar sandar Baba Ya'u a kan duwatsu, yana hawa yana faɗa da awaki. Da su yake fara gaisawa kafin mutane, kuma ba gaisuwar arziki ba ce. "Ke mai jan kunne, na gan ki jiya kina leƙen katanga. Allah ya isa tsakanina da ke!" Akuyar ta dube shi tana tuƙa, shi kuma ya wuce yana ƙunƙuni har bakin lambu. Ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe 'yar ƙofar kwano, ya rangaɗa sallama kamar mai shiga gidan surukai, sannan ya bi shuke-shuken yana tambayarsu kwana. Wanda ya yi sabon ganye a sa masa albarka, wanda ya langaɓe ya sha faɗa. In ya gama sai ya jawo angareb ɗinsa, ɗan gadon nan na igiya, ya gitta shi a bakin ƙofa ya zauna. Daga nan kuma babu mai wucewa sai da izininsa.

Haka muka taso muka gan shi. Ni Lubna, mai shagon turare da tob, wato mayafin matanmu, a kasuwar Gadarif, ina 'yar mitsitsiya uwata ta fara jan hannuna zuwa wannan ƙofa. Yau ga ni da furfura ina ɓoye ta da lalle. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bana gwiwoyin Baba suka ce sun gaji, 'yarsa Fadimatu ta zo daga Shuwak ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Kuma kamar an haɗa baki, a daidai lokacin magana ta fito cewa za a rushe katangar lambun, a mai da wurin wajen ajiye tarakta. Baba ya ce ƙafarsa ba za ta taka motar Shuwak ba sai ya san makomar katangar nan. Amma bari in fara gaya wa baƙo wane irin wuri ne, kada ya ɗauka a kan wani katafaren abu muke ta da jijiyar wuya.

A saman tudun akwai wani gidan dutse da muke kira Gasr. Marigayi Alhaji Suleiman ne ya gina shi, attajirin riɗi, a wata shekara da riɗi ya yi kyau har ya rasa inda zai sa kansa. An ce a jikin gwangwanin alewa ya ga hoton wata fada ta ƙasashen sanyi, ya kira magina ya nuna musu gwangwanin ya ce irin wannan yake so. Suka yi masa hasumiya, suka yi wa saman bangon haƙora-haƙora, suka yi wata ƙofa mai tsayi da sunansa a rubuce a sama. Abin da suka manta shi ne matakalar hawa hasumiyar, don ba ta fito a jikin gwangwanin ba. Har Alhaji ya koma ga Allah bai taɓa hawa ba. Iyalinsa suka watse zuwa Khartum, gidan ya zama na jemagu da tantabaru. Baƙo yakan zo ya ɗaga kai ya ce masha Allah, ya toshe hanci, ya fito. Yana fitowa sai ƙamshin lemun tsami ya kama shi daga gefe, ya bi ƙamshin har gaban angareb ɗin Baba.

Lambun kansa ɗan ƙarami ne, katanga ta kewaye shi. In ka yi atishawa a ƙofa, wanda ke can ƙarshe zai yi maka addu'a ba sai ya ɗaga murya ba. Alhaji ya ɗauko Baba yana saurayi, daga aikin yankan dawa a Gadambaliya, ya ce ya shuka masa wardi irin na jikin gwangwani. Baba ya shuka wardin, amma a hankali ya riƙa cusa kuɓewa a tsakani, ga yakuwa, ga rama, ga gwaiba, ga lalle a jikin bango. Da Alhaji ya yi magana, sai ya ce, "Alhaji, furen da ba a miya da shi, me ya zo yi duniya?" Har gobe amare suna zuwa ɗaukar hoto a gaban furen kuɓewa, da gaske kuma hoton yana kyau.

To, kowa ya san Gadarif da ruwa. Da damina ƙasar nan baƙa ta riƙe maka takalmi ta ƙi saki, da rani ta tsage har ka ji tsoron ɗan akuya ya faɗa ciki, ka zauna kana jiran mai jaki da ganga kamar mai jiran baƙon Makka. A irin wannan gari ne Baba ya raya lambu, kuma ga dabararsa. Ba a biyan komai a ƙofarsa, amma ba a shiga hannu rabbana. Kowa da ruwansa. Jarka, bokiti, buta, kwanon sha, abin da Allah ya hore maka. Na ga amarya da lallenta da zinarenta tana rungume da jarka, ango na biye da buta yana haki. In ka shiga, Baba zai ƙare maka kallo daga sama har ƙasa, sannan ya zaɓa maka shukar da za ka zuba wa. Daga ranar, shukar nan ta ci sunanka.

Shi yake zaɓa, ba kai ba, kuma nan rigimar take. Abdulhakim mahauci, mai tumbin nan da ke riga shi shiga shago, aka ba shi kabewa. Ni kuwa, ina yarinya mai kunya, ban ce masa komai ba sai gaisuwa, mutumin nan ya dube ni ya nuna mini barkono. Barkono fa! Uwata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na girma na tambaye shi dalili, ya ce, "'Yata, ai ga shi kin tambaya, kuma kin ji yadda kika tambaya." Har yau ban yafe ba, kuma duk zuriyar barkonon nan da ya sake shukawa sunana suke ci.

Ba a nan ya tsaya ba. In ka kwana biyu ba ka leƙo ba, zai sauko kasuwa da sandarsa ya tsaya a inda jama'a suka fi yawa ya ba ka labarin kanka. "Abdulhakim! Ka kwanta a ƙasa ka yi rawaya, tsutsa ta kama ka ta gindi, kai kana nan kana sayar da hanta!" Kowa ya san kabewa ake nufi, amma je ka gaya wa masu dariya. Kafin la'asar za ka ga Abdulhakim yana hawa tudu da jarka biyu, yana tsine wa ranar da ya fara zuwa. In kuwa Allah ya yi wa shuka cikawa, Baba ba ya aike. Zai sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya zo gidanka da ƙafarsa, ya zauna, ya gaya maka da bakinsa, ya ba ka haƙuri, ya ce ka zo a ba ka wata. Ya ce abin da mutum ya shayar da hannunsa, ba daidai ba ne ya ji mutuwarsa a bakin hanya.

Baba, kai ne mutumin da ya sa attajiran dawa suka ɗauki jarka a ka ba tare da sun ji an ci mutuncinsu ba. Kai ne wanda da yaƙin nan ya koro mutane daga Khartum da Madani, suka cika makarantu da gidajen 'yan'uwa, ka riƙa karɓar rabin kofin ruwa daga hannun matar da ba ta da komai, ka ba ta shuka kamar kowa, ta koma tana cewa ita ma tana da wani abu a Gadarif. Gagara awaki, mai ƙofar kwano! Da idona na ga wannan, ba labari aka ba ni ba.

Cikin waɗanda yaƙin ya koro har da Mazin, jikan Alhaji Suleiman, wanda Gasr da lambun suka faɗo a rabonsa na gado. Ya iso da uwarsa da ƙannensa mata da kayan jikinsu kawai. Yaron kirki ne, kada in zalunce shi, sai dai Hausarsa ta yi tsatsa, kuma yana tafiya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Masu tarakta na Gadambaliya suna neman wurin da za su riƙa ajiye injunansu kusa da gari, suka ce in ya share musu fili kafin damina za su kama haya. Mazin ya duba ya ga filin da ya fi shimfiɗuwa a tudun shi ne lambu. Ya ɗauko Yahya magini da igiyar awo suka hau.

Atine mai shayi, wadda rumfarta ke kallon ƙofar lambun, ita ta ba ni labarin ranar, kuma Atine ba ta rage komai, sai dai ta ƙara.

Mazin ya yi sallama zai raɓa ta gefen angareb, Baba ya gitta sanda.

"Ina ruwanka, ɗana?"

"Ya ammu, baffana, ni ne Mazin. Jikan Alhaji. Lambun nawa ne."

"Na gane ka, hancin Alhaji ne a fuskarka. Shi ma da jarka yake shiga."

"Awo kawai za mu yi mu fito."

"Awon ma da ruwa ake yin sa."

Mazin ya juya ya nemi Yahya ya taya shi magana, sai ya ga Yahya ya riga ya ciro jarka daga bayan keke, yana sunkuyar da kai. Ashe Yahya yana da gwaiba a ciki tun yana saurayi. Mazin ya yi tsaki, ya ciro 'yar robar ruwan da yake sha a hanya, saura kaɗan a gindi, ya miƙa yana jiran a ce bai isa ba. Baba ya ɗaga robar ya duba ta a rana, ya ce ruwa ruwa ne, bismillah. Ya ja shi har lungun ƙarshe, inda wata 'yar gwanda ke tsaye da ganye ɗaya, siririya kamar tsinken tsintsiya. Ya ce zuba. Mazin ya zuba don a rabu lafiya.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Daga yau sunanta Mazin."

Awo kuwa bai yiwu ba. Yahya ya ja igiya ya kai wajen gwaibarsa, sai ya tsaya yana cire mata busassun ganye. Ya ce shi dai zai iya fasa bangon gabas, amma na yamma a nemi wani, don ba zai saki dutse a kan kansa ba. Mazin ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wane kanka? Itace ne!" Yahya ya ce ya sani, amma duk da haka.

Daga ranar Mazin bai sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ya zauna a rumfar Atine, wani ya dafa kafaɗarsa: "Mabruk ya Mazin, an ce ka yi sabon ganye." Ya shiga masallaci, a bakin ƙofa wani tsoho ya ce masa ya ji ya fara miƙewa, Allah ya ƙara lafiya. Abin ya ishe shi, ya hau tudu a fusace zai gaya wa Baba ya daina yawo da sunansa a kasuwa. Baba ya ce maganar tana da muhimmanci, ba ta bakin ƙofa ba ce, su shiga ciki su zauna. Sai dai ina ruwa? Mazin ya sauka ya ari bokitin Atine. Ya shiga, ya kwara wa gwandar ruwan da ƙarfi don haushi, ya zazzage abin da ke cikinsa, Baba yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Bayan kwana kaɗan aka sake samun abin faɗa, aka sake aron bokiti. Wallahi ban taɓa ganin shukar da rigima ta karɓa kamar gwandar nan ba. Kafin a ce haka ta kai ƙugu.

Mu muna dariya, Fadimatu ba ta yi. Ita ke shafa wa gwiwoyin nan mai, ita ta san yadda suka kumbura. Wata safiya Baba ya zame a kan duwatsu, sai da aka ɗauko shi a amalanken jaki, yana kwance yana ba da umarnin a kori akuya daga jikin bango. Fadimatu ta yafa tob ɗinta ta sami Mazin a gida. Ta ce, "Ɗan'uwana, ban zo roƙonka ba. In rushewa za ka yi, ka rushe, ya yi kukansa in tafi da shi. In bari za ka yi, ka bari, ya tafi da farin ciki. Amma wannan jan ƙafar taka tsohona take ci."

Sai Mazin ya ɗauki jarka cikakkiya, ba aro ba, ya hau. Baba ya riga ya sa an mai da shi kan angareb. Wannan karon babu hayaniya. Atine ta ce har sai da ta rage wutar gawayi don ta ji. Mazin ya ce shi ba mugu ba ne. Ya ce gidansu na Khartum bai san ko yana tsaye ba, uwarsa na kwana a ɗakin aro, ƙannensa sun daina tambayarsa yaushe za su koma makaranta saboda tausayinsa. Ya ce ba shi da abin da zai juya sai filin nan, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Baba ya gama saurarensa. Sannan ya cire makullin daga wuyansa ya sa masa a hannu.

"Ɗana, ciyar da uwa ya fi kuɓewa. Lambunka ne, ka yi abin da ya kama. Abu ɗaya nake roƙo. Ka san ba a jin mutuwar shuka a bakin hanya. Da ina da ƙafa da na je da kaina. Ka ari jallabiyata, ka bi masu shuke-shuken nan gida-gida ka gaya musu da bakinka. In ka gama, ka kira Yahya."

Mutane sun yi ta gardama ko tarko Baba ya ɗana. Ni na tambaye shi, ya rantse mini ba tarko ba ne, ya ce ya riga ya sallama, a ransa har ya yi wa gwaiba da lalle ban kwana. Na yarda da shi, don na ga idonsa a ranar.

Mazin ya ce wannan ai mai sauƙi ne, yini ɗaya ya gama. Yaron Khartum! Ya manta a Gadarif yake. Gidan farko na Hajja Asia ne, wadda ke da wardin ƙarshe da ya rage tun zamanin Alhaji, kuma take taƙama da shi kamar ita ta haife shi. Ta ga jikan Alhaji a farar jallabiya, ta sa aka shimfiɗa, aka kunna turaren wuta, aka soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, aka daka, aka dafa jabana, gahawar nan tamu. Ya buɗe baki ta ce ba a magana kafin kofin farko. Bayan kofin farko aka kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miya. Bayan miya ta ɗauko tarihin auren iyayensa. Da ya samu ya faɗi abin da ya kawo shi, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, maƙwabta suka shigo, aka sake ɗora jabana don masu jaje. Bai fito ba sai da aka kira magariba.

Abdulhakim ya yanka masa rabin haƙarƙari, ya ce ba za a yi wa kabewarsa ta'aziyya da yunwa ba, shi ma ya zauna ya ci yana share hawaye da bayan hannu, Mazin bai san ko na kabewa ne ko na yaji ba. Haka ya riƙa yi, gida ɗaya a yini, jallabiyar Baba tana ƙara matse shi a ciki. Masu tarakta suna aiko masa da tambaya, shi yana cewa saura kaɗan.

Da ya zo shagona ban ba shi ko ruwa ba. Na ce, "Ka zo ka gaya mini za ka kashe barkonona? Madalla! Shekara da shekaru ina neman wanda zai raba ni da abin kunyar nan. Je ka tuge shi, ka tuge 'ya'yansa da jikokinsa." Ya yi ajiyar zuciya ya miƙe, yana murna ya sami gida mai sauƙi. Yana kai ƙofa na ji bakina yana cewa, "Kai! In ka taɓa shi sai na tara maka kasuwar nan." Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallon kaina. Ya ce, "Ya hala, innata, wanne zan ɗauka?" Na ce ya ɗauki duka biyun ya fice mini daga shago.

Daga wurina gidan Amal ya nufa, mai wankau a bayan tasha. Lemun tsamin da ƙamshinsa ke jawo baƙi ba sunanta yake ci ba, sunan ɗanta Hamid ne. Hamid ya tafi Khartum neman aiki kafin yaƙi. Tun da aka fara harbi wayarsa ta mutu, kuma har yau babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko akasin haka. Amal ba ta yarda an yi zaman makoki ba. Duk Juma'a takan rage ruwan wankinta ta hau tudu ta zuba wa lemun.

Ta ga mutum a ƙofarta cikin farar jallabiyar da duk garin ya san ma'anarta. Hannunta da kumfa, ta tsaya. Ba ta yi ihu irin na Hajja Asia ba. Ta ce a hankali, "Hamid ne? Ya bushe?"

Mazin ya san titunan da Hamid ya ɓata a cikinsu, ta nan ya gudo da uwarsa. Ya buɗe baki, maganar da ya faɗa a gidaje da yawa ta ƙi fitowa. Ya ce, "A'a, ya hala. Lafiyarsa ƙalau. Har ya yi fure. Na zo ne in gaya miki." Ta ce to me ya sa ya sa wannan rigar, yana so ya kashe ta? Ya ce tasa ce ta yi datti. Ta ce ya kawo ta wanke masa.

Washegari da safe aka ga Mazin da Yahya suna hawa tudu da guduma. Atine ta bar shayi a wuta, ni na rufe shago, Abdulhakim ya taho da wuƙa a hannu don ya manta bai ajiye ba. Baba na zaune a kan angareb, ya juya fuskarsa gefe, Fadimatu na riƙe da kafaɗarsa. Suka zo daidai ƙofar kwano, Mazin ya gaishe shi, suka wuce. Suka tsaya a gaban babbar ƙofar Gasr, mai sunan Alhaji Suleiman a sama. Mazin ya nuna ginshiƙin dama ya ce, "Daga nan, ya usta magini. Ka faɗaɗa ta yadda tarakta za ta shige."

Yahya ya ce, "Ƙofar kakanka fa?"

"Kakana ya gama shiga. Fasa."

Ban taɓa ganin magini ya ɗaga guduma da farin ciki irin na ranar ba. Jemagu suka fito kamar hayaƙi, Hajja Asia ta rangaɗa guɗa ta kuma fashe da kuka saboda sunan Alhaji da ya faɗo, duka a numfashi ɗaya. An sha wahala, don tsakar gidan Gasr ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sai da aka yi ta jidar duwatsu ana cike ramuka, kuma wasu masu taraktar sun gaji da jira sun kama wani wuri. Dangin Mazin na nesa sun yi ta waya suna cewa ya ci mutuncin gida. Amma yau in ka leƙa zauren da Alhaji ya gina don manyan baƙi, tarakta za ka gani a kwance tana ɗigar da baƙin mai, uwar Mazin kuma ta tare a ɗakunan baya bayan an kori tantabaru.

Baba ya juyo da fuskarsa ya kalli ƙofar Gasr. Da ƙura ta lafa ya kira Mazin ya ce ya dawo masa da jallabiyarsa kafin ya yage ta da tumbi. Sannan ya ce wa Fadimatu ta je ta nemi mota.

Makullin yana wuyan Mazin yanzu. Da safe yana wajen tarakta, da yamma yana kan angareb da baƙin mai a hannu, kuma ina gaya muku ya fi Baba tsanani. Ni da kaina ya mayar daga ƙofa, wai butata ba ta cika ba. Sai dai bai iya shelar kasuwa ba, kunya yake ji, Atine ce ta karɓi wannan aikin, kuma Allah ya isa tsakanina da ita.

Baba Ya'u, mun gode. Ba ka gina hasumiya ba, ba a rubuta sunanka a saman kowace ƙofa ba. Ka sami garin da ruwa ke wahala, ka sa kowa ya kawo ɗan abin da yake da shi, ka kuma sa kowa ya ji kunyar barin nasa ya bushe. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya sa ka daɗe kana faɗa da awakin Shuwak. Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da Gasr ba. A unguwarku akwai wani abu ƙarami da wani tsoho ke riƙe da shi shi kaɗai, masallaci ne ko rijiya ko bishiyar bakin hanya. Ku je ku kama masa tun yana da ƙafar da zai nuna muku yadda ake yi.

Fadimatu ta gaya mini a waya wai ka ƙi zama a gida. Wai kullum sai ka sa an kai ka bakin tasha, duk wanda ya sauko daga motar Gadarif ka tare shi da sanda kana tambayarsa ko an zuba, ko katangar na nan, mutane suna zaton ka ruɗe. To ga amsa daga bakin barkononka, a karanta maka da ƙarfi. Jiya Juma'a na hau. Na tarar da Amal tana saukowa da jarka ba komai a ciki. An zuba, Baba. Katangar tana tsaye. Koma gida ka miƙe ƙafafunka.